Shekarar 1986 a ƙasar Suwidin

Shekarar 1986 ita ce shekarar da 'yan Suwidin har yau ba su manta ba, saboda a cikinta aka harbe firaministansu a kan titi. Sarkin ƙasar a lokacin Carl XVI Gustaf ne.

Daren 28 ga Fabrairu firaminista Olof Palme ya fito daga silima shi da matarsa Lisbet suna takawa gida a titin Sveavägen cikin Stockholm, ba ɗan sanda ba mai gadi don ya sallame su tun da rana, kawai wani ya zo ta baya ya harbe shi, nan take ya mutu yana da shekara 59. Mutum ne da bai ɓoye adawarsa da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu ba, sati ɗaya kafin nan ma sai da ya yi jawabi a kai, shi ya sa wasu suka riƙa zargin can. Mataimakinsa Ingvar Carlsson ya gaje shi. Binciken kuwa abin kunya ne gaskiya, an kama Christer Pettersson kotu ta ɗaure shi a 1989, kotun ɗaukaka ƙara ta sake shi, sai a 2020 aka ɗora laifin kan Stig Engström wanda ya rasu tun 2000, aka rufe fayil.

Wata biyu bayan kisan, ranar 28 ga Afrilu, na'urorin gano gubar nukiliya na tashar nukiliya ta Forsmark da ke Suwidin suka fara ƙara, ma'aikata suka ɗauka matsalar tasu ce, ashe iska ce ta kwaso gubar daga Chernobyl, tashar nukiliyar Tarayyar Sobiyet da ta fashe. Daga nan duniya ta san abin da Tarayyar Sobiyet ke ɓoyewa. Makiyayan ƙabilar Sami na arewacin Suwidin su suka fi shan wahala, naman barewarsu da yawa ya gurɓace ba damar ci.

A Disamba aka miƙa wa Wole Soyinka na Najeriya kyautar Nobel ta adabi a Stockholm, ɗan Afirka na farko da ya samu.

Cikin waɗanda aka haifa akwai mawaƙiya Lykke Li da 'yan ƙwallo Ola Toivonen, Marcus Berg da Mikael Lustig, su ukun duk sun buga kofin duniya na 2018. Alva Myrdal, wadda ta ci Nobel ta zaman lafiya a 1982, ta rasu 1 ga Fabrairu.