Wadi Rum: Duwatsun Yashi da Mahaya ke Rububi a Kudancin Jodan

Ina ne Wadi Rum?

Kwari ne a hamadar kudancin Jodan, kimanin kilomita 60 gabas da birnin Aƙaba. Duwatsu jajaye ne suka miƙe tsaye daga cikin rairayi. Wanda mahaya suka fi nema shi ne Jabal Rum, mai tsayin mita 1,734 daga saman teku. UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 2011.

Yaya yashi zai zama dutse har a hau shi?

Rairayi ne da ya yi ta taruwa hawa-hawa shekaru miliyoyi, nauyi ya danne shi, ma'adinai suka liƙe ƙwayoyinsa. Daga baya iska da ruwa suka yi ta sassaƙa shi, suka bar ramuka da tsagogi, wato wurin sa hannu da ƙafa. A ƙarƙashinsa kuma akwai dutse mai tauri irin na Kufena a Zariya. Ruwan sama yakan ratsa dutsen yashin, in ya iske mai taurin sai ya rasa hanya, ya ɓulɓulo a gefe. Shi ya sa ake samun idon ruwa a tsakiyar wannan fari.

Turawa ne suka fara hawa?

Ina! Larabawan hamadar, musamman ƙabilar Zalabiya, sun daɗe suna bin tsagogin nan wajen farautar awakin dutse, ba igiya, wasu ma ba takalmi. Tony Howard da Di Taylor daga Birtaniya sun zo da abokansu a 1984, su ne suka tallata wurin ga mahayan duniya, amma hanyoyi da dama a hannun mutanen wurin suka koya. Har yau akwai hanyar hawa Jabal Rum da ake kira da sunan Shehu Hamdan. A ganina, duk mai ba da labarin Wadi Rum ya fara daga 1984, ya tsallake rabin labarin.

Mene ne haɗarinsa?

Dutsen ba shi da tabbas. Za ka kama wani tudu da ya yi kama da mai ƙwari, ya ɓare a hannunka, yashi ya zubo maka a fuska. Don haka gwanaye sukan ƙwanƙwasa wuri su saurara kafin su ɗora nauyinsu. In ya yi amon holoko, sai a nemi wani. In kuwa an yi ruwa, dutsen yakan sha ya yi rauni, dole a jira ya bushe. Sannan saukowa ta fi hawa wuya, domin a saman dutsen ko'ina kama yake da juna, ɓata ba wuya. Nan ne amfanin ɗan jagora daga ƙauyen Rum.

Yaushe ake zuwa?

Maris zuwa Afrilu, ko Oktoba zuwa Nuwamba. Tsakiyar shekara zafi ba ya bari.