Karɓar filaye da biyan diyya a ayyukan manyan hanyoyi a Jihar Kaduna

Karɓar fili don amfanin jama'a iko ne da doka ta bai wa gwamnati na soke haƙƙin mutum a kan filinsa idan za a yi aiki irin na hanya. Tushensa Dokar Amfani da Ƙasa ce ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon sokewa, sashe na 29 ya tanadi diyya, sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuma ya wajabta a biya ba tare da jan ƙafa ba. A Kaduna, hukumar gwamnatin jiha da ake kira KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye.

Abin ya fi shafar garuruwan da suka girma a bakin titi, kamar Jere, Katari, Rijana, Maraban Jos, Birnin Yero da Jaji, a kan tagwayen hanyar Abuja zuwa Kano mai tsawon kusan kilomita 375, wadda aka ba da kwangilar sake gina ta a ƙarshen 2017. Haramin hanyar tarayya, wato filin da aka keɓe wa hanyar, mita 45.72 ne daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare, kuma ginin da ya shiga cikinsa ana iya ɗaukarsa a matsayin na ƙeta doka.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake lissafin diyya. Doka ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta, sai abin da aka yi a kanta: gini, rijiya, amfanin gona da itatuwa irin su mangwaro da ɗorawa. Ginin ma kuɗin sake yin irinsa ake ƙiyastawa, sannan a cire tsufansa. Don haka tsohon gidan ƙasa da ya ɗauki iyali ashirin kan tashi da kuɗi kaɗan, alhali mai shi sai ya sayi sabon fili, da siminti da kwano a farashin yau. In biya ya yi jinkiri, hauhawar farashi ta cinye saura. Wannan shi ne babban rauni a dokar, kuma talaka ne ke ɗaukar nauyinsa.

Akwai kuma batun takarda. Yawancin gidajen nan na gado ne, shaidarsu takardar ciniki ce ko sa hannun mai unguwa da dagaci. Dokar ta amince da waɗanda suke kan filayensu tun kafin 1978, amma tabbatar da hakan aiki ne, kuma rabon diyyar tsakanin magada kan jawo husuma.

Waɗanda rusau bai taɓa ba su ma ba su tsira ba. Shingen kankare na tsakiyar titi kan raba gari biyu, makaranta a wani ɓangare, kasuwa a wani. Inda aka ɗaga titi ba tare da isassun kwalbatoci ba, ruwan damina kan koma cikin gidaje. 'Yan haya da masu tireda a bakin hanya kuwa, dokar ba ta yi musu tanadin diyyar cinikin da suka rasa ba.