Waiwaye: Me ke sa furen koko zubewa bai ɗaura 'ya'ya ba?

Tun da farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a 2024 ake ta muhawara kan abin da ya durƙusar da nomansa a Gana. Wasu sun ce sauyin yanayi ne, wasu cuta, wasu haƙar zinare. Duk suna da hujja, amma akwai tsohuwar matsala a cikin furen kansa da ba a cika taɓo ta ba.

Kokon Amelonado da ya bazu bayan Tetteh Quarshie, mutumin Gana, ya dawo gida da irinsa a 1879 ba shi da tsirfa: garin furen bishiya yana yi wa furenta barbara ta haihu. Da aka gano cutar kumburin reshe a 1936, sai aka kawo irin Amazon daga Trinidad zuwa cibiyar bincike ta Tafo da ke Gana a 1944, saboda ƙarfinsa da saurin haihuwa.

A nan lissafi ya sauya, domin yawancin wannan iri ba ya karɓar garin kansa. A 1955 masana Knight da Rogers suka nuna a Tafo cewa abin gado ne, wasu ƙwayoyin halittar suna rinjayar wasu. A 1962 wani masani, Cope, ya bayyana inda cikas ɗin yake. A wasu tsirrai dangin taba, tun a wuyan fure ake tare garin da bai dace ba. A koko kuwa, zaren da garin ke tsirowa yana wucewa salin-alin har mahaifar furen, sai a can ƙwayar namiji ta ƙi haɗuwa da ta mace idan alamarsu ta gado ɗaya ce. Kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayayen, ko rabi, ko duka, su tashi a tutar babu. Ko rubu'in nan ya isa furen ya kaɗe cikin 'yan kwanaki, manomi na ganinsa a ƙasa yana zargin iska.

Saboda haka gonar da aka cika da dashen reshen uwa ɗaya ta wannan iri za ta yi fure fal, kwanso kaɗan. Mai barbarar hannu ma, idan ya tsinko gari daga bishiyar da ke da alama ɗaya da wadda yake shafa wa, wahalar banza ya sha. Sai furen da ya buɗe da safiyar nan, daga irin da aka tabbatar sun dace. Ƙananan ƙudajen da ke aikin barbarar kuma ba sa nisan tashi, don haka dole a cakuɗa iri kusa da kusa, a bar musu ruɓaɓɓen ɓawon koko da kututturen ayaba su hayayyafa.