Tata da Tururi

Tata da tururi hanya ce ta raba mai, ko wani sinadari mai saurin tashi, daga abin da yake gauraye da shi. An fi amfani da ita ga abubuwan da ba sa narkewa a ruwa, waɗanda kuma zafi mai yawa yake lalata su.

Tsarin ya yi kama da na madambaci. Tukunyar ruwa tana ƙasa a kan wuta, ganye ko fure ko ɓawo suna sama bisa faranti mai huji-huji. Tururi ya ratsa su, ya kwaso man zuwa wani murɗaɗɗen bututu da ke nutse cikin ruwan sanyi. A nan tururin yake komawa ruwa, yana ɗiga cikin kwalba. Da yake ruwa da mai ba sa haɗuwa, sai su rabu hawa biyu, a kwashe man. Yawanci shi ne a sama, amma man kanumfari ya fi ruwa nauyi, ƙasa yake kwantawa.

Ruwa kowane iri yana tafasa ne idan matsin tururinsa ya kai matsin iskar da ke danne shi. Idan ruwa da mai suna tukunya ɗaya, kowanne yana fitar da nasa tururin kamar ɗayan ba ya nan, matsin biyun ya haɗu, sai cakuɗin ya tafasa kafin digiri 100 a ma'aunin Selsiyas. Yujinol, sinadarin da ke ba kanumfari ƙamshinsa, sai ya kai wajen digiri 254 yake tafasa shi kaɗai, amma tururi yana ɗauko shi ba tare da ya ƙone ba. Wani sinadarin kuma, anilin, mai tafasa a digiri 184, yana fitowa tare da tururi a kusan 98.

Masu turare suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan hanya. Ana danganta inganta tatar man wardi ga masanin likitanci Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, kuma har yau ana aikin a Ɗa'if ta Saudiyya da Bulgeriya. Aiki ne mai cin fure: kilo ɗaya na man yakan lashe tan 3 zuwa 4. Ruwan da ya rage ma ba zubar da shi ake yi ba, shi ne ruwan wardi.

A masana'antu da ita ake cire wari daga man girki, matatun fetur kuma suna hura tururi don fitar da sassa marasa nauyi daga cikin masu nauyi.