Kafin katafila ta sauka bakin ruwa: abin da doka ta ce kan yasar dam da gyaran gaɓa

Mutumin Katsina ba shi da teku, amma yana da gaɓa. Duk wanda ke da lambu a bakin dam ɗin Zobe ko na Ajiwa, ko gida a gefen gulbin Gada a Jibiya, ko komar kamun kifi a dam ɗin Sabke da na Daberam ta wajen Daura, dokokin da ke aiki a kan ƙauyukan bakin teku na Ondo da Legas su ne dai ke aiki a kansa idan gwamnati ta zo yasa ko gina katangar tare zaizaya. Aikin iri ɗaya ne: a kwashe yashi da laka daga inda suka cushe hanyar ruwa, a kuma ƙarfafa gefen da ruwa ke ci. Kuskuren ma iri ɗaya ne. A Ayetoro da ke ƙaramar hukumar Ilaje a jihar Ondo, an ba da kwangilar kare gaɓa a 2004, aka sake bayarwa a 2009, teku kuwa bai daina cin garin ba. A Legas, dogayen katangun duwatsu da aka yi a bakin mashigar tashar jiragen ruwa tun farkon ƙarnin da ya wuce sun tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma, sai gaɓar Bar Beach da ke gabas ta shiga zaizayewa shekara da shekaru. An gyara wuri ɗaya, an ɓata na kusa da shi.

Tambayar farko: ruwan na wa ne?

Daga amsar wannan ake sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Manyan hanyoyin ruwa da jirage ke bi, irin su Neja da Binuwai, suna hannun NIWA, hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, mai hedikwata a Lokoja, bisa dokarta ta 1997, kuma ikonta ya kai mita 100 daga bakin ruwa. A ƙarƙashinta aka yi yasar kogin Neja daga Warri zuwa Baro da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar a 2009. A nan gida lissafin daban ne. Zobe da Jibiya na gwamnatin tarayya ne, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ajiwa, da ke shayar da birnin Katsina, na jiha ne. Kai ƙorafin aikin tarayya wurin shugaban ƙaramar hukuma ba laifi ba ne, sai dai ba shi ya sa hannu a kwangilar ba, ba kuma shi zai tsayar da ita ba.

Rahoton da ya kamata ya riga aiki

Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, wadda ma'aikata ke kira EIA, ta hau kan gwamnati kamar yadda ta hau kan kamfani. Ta jera ayyukan da tilas a yi musu cikakken bincike kafin a taɓa ƙasa. A cikinsu akwai haƙar yashi a ruwa da ta kai hekta 50, cike gaɓar teku da ta kai hekta 50, gina dam ko faɗaɗa tafki mai faɗin hekta 200, da aikin ban ruwa na hekta 5,000. Aikin da bai kai wannan girma ba bai tsira haka nan ba. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke duba shi ta yanke irin binciken da ya dace da shi.

Tsarin yana tafiya haka. Mai aikin ya yi rajista da ma'aikatar, jami'ai su zo su ga wurin, a tsara abubuwan da za a bincika, masana su ɗebi ruwa da ƙasa su auna, su zauna da jama'a, sannan a rubuta rahoto. Daga nan sai a baje rahoton na kwanakin aiki 21 a wuraren da aka sanar a jarida da rediyo, galibi har da sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha. Waɗannan kwanaki 21 su ne mafi tsada a duk tafiyar, su ne kuma aka fi bari su wuce a banza, don rahoton kan zo da Turanci, mai kauri kamar tubali, ba kuma wanda ya ce wa masunta su je su duba. Ƙungiyar 'yan lambu ko ta masunta ta samu malamin makaranta ko wani ɗan gari mai ilmin injiniya ya karanta mata, ta rubuta ƙorafinta, ta miƙa kwafi biyu, a buga mata hatimin karɓa a ɗaya ta riƙe. Maganar baki a taron fadar hakimi tana da daraja, amma takarda ce ke shiga fayil.

Hukuncin karya dokar ya tsufa: tarar Naira 100,000 ko ɗaurin shekara 5 ga mutum, ga kamfani kuwa tsakanin Naira 50,000 da miliyan ɗaya. Wannan ba zai tsorata ɗan kwangilar biliyoyi ba. Abin da ke tsorata shi shi ne a rufe wurin aikin, kuma NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, tana da hurumin bin diddigin masu saɓa dokokin muhalli, har da ƙa'idojin 2009 na kare fadamu da gaɓar koguna da tafkuna.

Abin da za a nema a cikin rahoton

Ba sai an karance shi duka ba. A fara da inda za a zuba abin da aka yaso, don nan ne yawancin ayyukan yasa ke mutuwa. Lissafin mai sauƙi ne: hekta ɗaya idan aka yashe ta zurfin mita ɗaya, an fitar da kubik mita 10,000. In tifa tana ɗaukar kubik mita 10, sahu dubu ke nan daga hekta ɗaya tak. Jigila ita ce ke cin kuɗi, shi ya sa ɗan kwangilar da ba a sa wa ido ba yakan jibge lakar a bakin ruwa. Ruwan sama biyu ko uku na watan Agusta ya ishe ta komawa inda ta fito. Rahoto nagari zai nuna filin zubarwa a taswira, nesa da gaɓa, sama da iyakar da ruwa ke kaiwa in dam ya cika, da ganuwar ƙasa kewaye da shi.

Sai awon zurfi. Dole a auna ƙasan dam kafin aiki, a sake aunawa bayan an gama, don da bambancin awon biyu ake biyan kuɗi. In babu awon farko, babu mai iya cewa an kwashe abin da aka rubuta, tunda ruwa ya rufe shaidar.

Lokacin aikin ma a duba shi. Yasa da katafila a busasshiyar ƙasa sai da rani, daidai lokacin da 'yan lambu ke tsananin buƙatar ruwa, dabbobi kuma na sauka mashaya. Yasa da injin tsotso a kan ruwa kuwa tana dama laka, ruwa ya yi duhu, ƙwan kifi ya lalace, tacewa ta yi wa gidan ruwa wuya. Ya kamata a ga tanadin da aka yi wa kowanne, da hanyar da tifofi za su bi ba tare da sun datse burtali ba.

Katangar gaɓa tana da nata ciwon. Ko ta siminti ce ko ta kejin waya da ake cikawa da duwatsu, ba daga sama take faɗuwa ba. Ruwa yana kwashe ƙasar da ke gindinta har ta rasa madogara, ko ya zagaya ta ƙarshenta ya ci ta baya. Don haka a tambaya: tushen ya nutse ƙasa da zurfin da ruwa ke iya haƙawa? An lanƙwasa ƙarshenta cikin tudu? An shimfiɗa yadin tace ƙasa a bayan duwatsun, an bar ramukan da ruwan baya zai tsiyaye? Katangar siminti marar waɗannan ramuka takan tsage cikin 'yan damuna kaɗan. Mutanen tsallake da na gangare kuma su ma suna da bakin magana, don ruwan da aka hana cin wannan gefe yakan ƙara gudu ya faɗa wa wancan. Duk wanda ya ga ɓarnar ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 ya san ƙarfin ruwan da ake magana a kai. Inda gangaren ba shi da tsayi sosai, dasa ciyawar jema a jere yana riƙe ƙasa da kuɗi kaɗan, sai dai ba kasafai ake sa ta a kwangila ba.

Diyya

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a a sashe na 28, amma da sharaɗin sanarwa a rubuce da za ta isa hannun mai filin. Sanarwar rediyo ko saƙon mai unguwa ba su wadatar ba. Sashe na 29 ya bayyana abin da ake biya, kuma a nan mutane ke shan mamaki: ba kuɗin ƙasar ake biya ba, sai abin da aka yi a kanta. Gini ana ƙiyasta kuɗin sake yin irinsa a cire tsufa, da ƙarin kuɗi in an jinkirta biya. Amfanin gona da itatuwa kuwa da farashin da jami'in gwamnati ya tsara. Saboda haka ranar ƙidaya ita ce ranar shari'ar. Mai lambu ya tsaya da kansa, a ƙirga kowane mangwaro da gwaiba da zogale, rijiya, bututun ban ruwa da shinge, ya ɗauki hoto, kada ya sa hannu a takardar da bai ga adadin da ke cikinta ba.

Akwai tanadin da mutanen karkara ba su cika sani ba. Sashe na 6 ya ce in aka karɓe gonar da mutum ke riƙe da ita bisa haƙƙin gargajiya, ƙaramar hukuma ta ba shi wata gonar a madadinta. Wanda bai gamsu da diyya ba zai iya kai kuka ga kwamitin rabon filaye na jiha, sashe na 44 na Tsarin Mulki kuma ya ba shi damar zuwa kotu. Masu noma a cikin filin da gwamnati ta riga ta karɓa tun lokacin gina dam, wato inda ruwa ke janyewa da rani, matsayinsu ya fi rauni. Su abin da ya fi musu shi ne neman a sa sunayensu cikin rahoton tun farko, a kuma daidaita fara aikin da bayan an cire amfani.

Yashin da aka yaso fa?

Yashin gini kuɗi ne. A doka yana cikin ma'adinai, ma'adinai kuwa na tarayya ne bisa dokar 2007. Kwangilar yasa ba lasisin sayar da yashi ba ce. Mai son sayarwa sai ya samu lasisin kwari (wato na haƙar dutse da yashi), mai wa'adin shekara 5, daga ofishin rajistar ma'adinai na tarayya, kuma dokar ta wajabta masa ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara. Alamar aikin da ya karkace a fili take: tifofi suna ɗibar farin yashi daga bakin mashigar ruwa inda kwasa ke da sauƙi, baƙar lakar da ta cushe tsakiyar dam tana nan ba a taɓa ta ba. In an ga haka, a rubuta wa hukumar da ta ba da kwangilar a nemi kwafin jadawalin aikin da adadin da aka ce a kwashe. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumar kwana 7 ta amsa, ko ta faɗi dalilin ƙin bayarwa a rubuce.