Naɗar motsi: yadda ake auna jikin makaɗi yana tsakiyar kiɗa

Naɗar motsi ita ce dabarar mayar da motsin jikin mutum lambobi a kwamfuta. Masu shirya fina-finai da wasannin bidiyo ne suka fi yaɗa ta, amma masu binciken kiɗa ma sun daɗe da rungumarta. Ana manna wa makaɗi 'yan ƙwallaye masu sheƙi a goshi da kafaɗu da gwiwar hannu da wuyan hannu. Kyamarorin da aka kewaye ɗakin da su suna watsa wani haske da ido ba ya gani, ƙwallayen su mayar da shi, kwamfuta kuma ta lissafa inda kowanne yake sau 100 ko fiye a daƙiƙa ɗaya. A allo ba za ka ga fuska ko riga ba, ɗige-ɗige kawai ke kai-kawo.

Abin ba yau aka fara ba. Tun shekarun 1920 Nikolai Bernstein yake ɗaura wa masu kaɗa fiyano ƙananan fitilu a hannu a birnin Mosko, yana ɗaukar hoton hanyar da hasken ke bi. A 1993 Jane Davidson ta nuna a Ingila cewa ko ɗigon hasken kaɗai aka nuna wa 'yan kallo, ba sauti, suna iya bambance makaɗin da ya saki jiki da wanda ke kiɗa a sandare ba armashi.

Yanzu ba a barin kyamara ita kaɗai. Akan ɗaura ɗamara a ƙirji don auna numfashi da bugun zuciya, a liƙa wasu 'yan faifai a kan tsoka su kama wutar da take fitarwa idan ta ɗaure, wasu kuma a yatsu don gumin tafin hannu. Ka ɗauki mai kalangu a wajen biki a Gombe. Idon ɗan kallo yana kan hannun da ke duka, alhali rabin maganar kalangun daga ɗaya hannun take fitowa, wanda ke matse igiyoyin fata a hammata yana saki, murya ta hau ko ta sauka. Wannan matsi da saki shi ne ainihin abin da faifan tsoka ke iya gani. Haka mai algaita a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ranar hawan sallah, wanda ke tara iska a kumatu yana shaƙar wata ta hanci ba tare da busa ta yanke ba: ɗamarar ƙirji za ta nuna lokacin da yake satar numfashin, abin da kunne ba zai kama ba.

Inda binciken ya fi daɗi, a ganina, shi ne abin da ke faruwa tsakanin makaɗa. A Jami'ar McMaster ta Kanada akwai zauren kiɗa da aka gina musamman don wannan aiki, aka buɗe a 2014. A wani gwaji da suka wallafa a 2017, sun riƙa zaɓar mutum ɗaya a asirce cikin masu gogen Turawa huɗu ya zama jagora, sai aka ga rangajin jikinsa yana hasko na sauran kafin su yi. A Suwidin kuwa, masana a Gothenburg sun nuna a 2013 cewa zukatan masu waƙa tare suna hawa da sauka lokaci guda. Babu sihiri a ciki. Baitin waƙa yana tilasta wa kowa numfashi a gaɓa ɗaya, zuciya kuma takan ɗan yi sauri idan an shaƙa, ta lafa idan an fitar. Duk wanda ya taɓa lura da 'yan amshi ya san yadda suke ɗaukar iska tare. Kusa da mu, Rainer Polak da abokan aikinsa sun auna makaɗan jembe, wata ganga da ake kaɗawa da hannu, a Bamako, suka tarar tazarar da ke tsakanin bugun wannan da na wancan 'yar mitsitsiya ce ƙwarai, kuma mai tsayayyen kiɗan rakiya shi ne ginshiƙin da sauran suka fi jingina da shi, ba gwanin da ke gaba ba.

Sai batun shauƙi, kuma a nan ne ake yawan zuzuta na'urar fiye da ƙarfinta. Zuciya tana gudu don murna, tana gudu don fargaba, tana gudu don gajiya. Tafin hannu yana gumi ko tsikar jiki ce ta tashi ko rana ce ta yi zafi. Lambar tana nuna jiki ya motsu, ba ta faɗin dalili. Shi ya sa masu binciken kirki ke zaunar da makaɗi bayan wasa, su kunna masa bidiyonsa, su tambaye shi me ya ji a wannan gaɓa, sannan su gwada amsar da lambobin.

Wata matsalar ta fi shafarmu. Kyamarorin nan sun fi son rufaffen ɗaki, domin hasken rana yana rikita su, babbar riga kuma za ta rufe ƙwallayen kafaɗa da gwiwar hannu. Kiɗanmu kuwa a fili ake yinsa, cikin ƙura da dawaki da masu liƙi. Don irin wannan wuri akan koma ga ƙananan na'urorin auna girgiza, irin wadda ke cikin wayar hannu tana juya allo idan ka karkata ta, a ɗaura su a ƙarƙashin tufa, ko kuma manhajar da ke zaƙulo gaɓoɓin jiki daga bidiyon da aka ɗauka da waya.