Waiwaye: Yadda Koyo Ta Hanyar Warware Matsala Ya Shigo Ajin Bayoloji

Ba don 'yan sakandare aka ƙirƙiro wannan salon koyarwa ba. A tsangayar koyon aikin likita ta Jami'ar McMaster da ke Kanada aka fara shi, a 1969. Malaman can sun gaji da ganin ɗalibi ya haddace sunayen jijiyoyi da ƙasusuwa, amma da zarar an tsayar da shi gaban majiyyaci sai kansa ya kulle. Suka juya tsarin. Tun kafin a yi lacca, sai a ba ƙaramin rukuni labarin wani mara lafiya, su tantance abin da ba su sani ba, su je su nemo, su dawo su tattauna. Howard Barrows, likita kuma malami a tsangayar, na cikin waɗanda suka fi yayata tsarin, tsangayar likitanci ta Maastricht a ƙasar Holan kuma ta rungume shi a 1974.

Bayoloji kuwa dama ya share fage. Bayan da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na Sputnik a 1957, Amurka ta tsorata da koma-bayanta a kimiyya, aka kafa BSCS, shirin gyara manhajar bayoloji, a 1958 don ɗalibi ya riƙa bincike da hannunsa maimakon hadda. A shekarun 1990 salon McMaster ya fara samun gurbi a makarantun sakandare.

Ga yadda yake a aji. Malami ya ce kifaye na mutuwa a wani tafki bayan an zuba taki a gonakin da ke gefensa. Me ya kashe su? Yawancin yara za su ce guba. Sai sun tona za su gano takin ya sa gansakuka ta mamaye ruwan, ta mutu, ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da ita suka shanye iskar oksijin. Yaron da ya yi musu a kan wannan da wuya ya manta.

Masanan halayyar ɗan Adam Edward Deci da Richard Ryan sun nuna cewa himma tana ƙaruwa idan mutum yana da zaɓi, yana jin ya iya, yana kuma cikin abokan aiki. Magoya bayan tsarin sun jingina da wannan sosai.

Sai dai ɗalibin likita babba ne, da ƙafarsa ya zo. Ɗan shekara 15 fa? A 2006 masana harkar koyo Kirschner da Sweller da Clark suka yi suka mai zafi, cewa barin sabon shiga yana lalube ba jagora yana cika masa kai ne kawai. Masaniya Hmelo-Silver da abokan aikinta suka mayar da martani a 2007: tsarin bai taɓa cewa malami ya naɗe hannu ba.

Ni dai ina ganin masu sukar sun taɓo inda ke ciwo. Yaron da bai san yadda kifi ke numfashi ba, labarin tafkin zai burge shi na ɗan lokaci, daga nan ya koma ya zuba wa mai ƙoƙarin rukunin ido. Ga kuma jarrabawa, wadda har yanzu manhaja gaba ɗaya take tambaya, alhali matsala ɗaya kan cinye darussa da dama.